Mai Gilashi da Hannun Rigar Ɗansa

A shekarun da wannan labari ya faru, unguwar tana tsakiyar sauya kama. Layin da ya taso daga tsohuwar tashar jirgin ƙasa ya miƙe zuwa gada duk shagunan masu sana'ar hannu ne: kafintoci, masu walda, masu gyaran firji, da wani dattijo mai ɗaure littattafai wanda da wuya a ga mai ciniki a ƙofarsa. Bayan shagunan kuwa ana ta rushe ƙananan gidaje ana ɗora benaye, kowane bene da manyan tagogi masu firam ɗin alminiyam. Tagogin katako masu marfi biyu, waɗanda aka taso aka tarar, sai dai a gan su jingine a bakin hanya suna jiran mai neman itace. Duk wanda ya iya yankan gilashi a wannan lokaci bai rasa abin yi ba.

Shagon mutumin da wannan rubutu ya shafa yana dab da gada, tsakanin mai walda da mai sayar da fenti. Ba a kiransa da komai a layin sai Mai Gilashi, ko da yake akwai wasu masu sana'ar ban da shi. Shago ne mai zurfi, marar faɗi. A tsakiya akwai babban tebur da aka lulluɓe da tsohon bargo, a kansa ake kwantar da gilashi a yanka. A jikin bango an kafa katakai masu tsaga, inda fallayen gilashi suke tsaye a jere, masu kauri daga ciki, marasa kauri daga baki. A gefen tebur akwai gwangwanin kananzir da yake tsoma bakin abin yanka, da doguwar rula ta ƙarfe, da tsintsiyar da ba ya barin kowa ya taɓa. Mutum ne matsakaicin tsawo, mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana. In yana tafiya a titi yakan ɗan ware hannuwansa daga jikinsa, kamar mai ɗauke da wani abu da ba a gani.

Yana matashi ya koyi sana'ar a wurin wani tsoho da ke da tabo tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Kafin tsohon ya bar shi ya taɓa gilashi, sai da ya koya masa doka guda: in gilashi ya suɓuce, ba a tare shi. A buɗe hannu, a ja da baya, a bar shi ya fashe. Dokar ba ta shiga da baki kawai, domin jikin ɗan Adam cafke abin da ya suɓuce ya saba yi. Don haka tsohon yakan ba shi falan katako ya ɗauka, ya bar shi ya yi nisa da aiki, sannan ya lallaɓo ta baya ya buge katakon. In ya yi yunƙurin tarewa, rula ce za ta sauka a bayan hannunsa. Haka aka yi ta yi wata da watanni, har hannuwansa suka daina jiran umarninsa. Da ya ji nauyi ya karkata ba yadda ya tsara ba, yatsunsa sun buɗe, ƙafafunsa sun ja da baya. Ya shafe fiye da shekara ashirin a sana'ar, ya fasa gilashi ba adadi, amma babu tabo ko ɗaya a hannunsa. Abin alfaharinsa ke nan, in dai yana da wani.

Sana'ar ta bi shi gida ta wata hanya. Mai yankan gilashi yakan tashi aiki da ɓurɓushi a riga, a gashi, a tsagar tafin hannu, irin wanda ido ba ya gani sai fata ta ji. Tun 'ya'yansa biyu suna ƙanana, in sun sheƙo da gudu za su rungume shi, yakan ɗaga hannu tun daga nesa.

"Ku tsaya nan. Akwai gilashi a jikina."

Sai ya shiga ɗan ɗakin da ke bakin ƙofa ya tuɓe kayan aiki, ya wuce banɗaki. Kafin ya fito yaran sun koma harkarsu. Babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin rashin ƙauna. Amma babban ɗansa, wanda ake kira Dogo saboda ya kere sa'o'insa tun yana firamare, ya taso yana gaishe da mahaifinsa daga bakin ƙofa, yana amsa abin da aka tambaye shi, yana tashi in ya shigo falo. Ba faɗa a tsakaninsu, ba kuma hira.

A saman tsohuwar maɗaba'a da ke ƙarshen layin akwai wani zaure mai faɗi, wanda har yau in ana zafi yakan yi warin tawada. Wani ma'aikacin kashe gobara da ya yi ritaya, ana ce masa Koci, ya shimfiɗa katifun roba a ciki yana koyar da judo, kokawar nan da ake yi cikin farar riga mai kauri, ana kama wuyan riga da hannun riga. Ya lura cewa iyaye ba sa barin 'ya'yansu mata su zo, don haka ya ware yammacin ƙarshen mako ga iyalai, da sharaɗin kowa da ɗan gidansu zai kama.

Auta, ƙanwar Dogo, ita ce ta fara leƙa zauren a hanyarta ta dawowa daga makaranta, ta dawo gida ta kafa naci. Mahaifiyarsu, wadda take koyarwa a firamare kuma unguwa ke kira Malama, ta raka ta da niyyar zama a benci. Koci ya ce yarinyar ba ta da abokin kamawa, sai ga Malama a kan katifa. Yayar Mai Gilashi, wadda take zaune da su tun rasuwar mijinta, yara suna ce mata Gwaggo, ta bi su don ta ga abin da idonta.

"Wato ku tashi takanas ku hau bene don a kayar da ku?" in ji ta. "Ai da kun faɗa mini. Ga tsakar gida, ga ni."

Ta daɗe tana cewa gadin takalma ne ya kawo ta. Daga baya Koci ya shawo kanta da cewa babu wanda ya fi tsoho bukatar ya iya faɗuwa, ta yarda ta ɗora farar rigar a kan doguwar rigarta, amma iyakarta zama a katifa ta gangara baya ta bugi ƙasa da tafi. Ta ce wannan ya ishe ta har ƙarshen rayuwa.

Game da shigar Dogo an ba ni labari iri biyu. Shi ya ce sha'awa ce ta kai shi. Auta kuwa ta ce ta kayar da shi ne a tsakiyar falo a gaban abokinsa, washegari aka gan shi a zauren. Malama da Gwaggo sun goyi bayan Auta. Ko ma dai yaya ne, ya shiga, kuma nan da nan aka gane yana da baiwar abin. Matsalar ita ce a ajin iyali ba shi da abokin kamawa, domin ya fi ƙarfin mahaifiyarsa da ƙanwarsa. A lokacin yana ajin ƙarshe na sakandare, ana sa ran zai tafi karatu wani gari in shekara ta juyo.

Malama ce ta kai maganar gaban mijinta, wata rana bayan ya fito wanka.

"Baban Auta, Koci ya ce kai da yaron nan nauyinku ya kusa ɗaya."

"To?"

"To ba shi da wanda zai kama."

"Ni? Da gilashi a jikina?"

"Ai ga shi ka yi wanka."

Ya ci gaba da goge kai. Ta ce, "Baɗi war haka ba ya gidan nan. Ka faɗa mini, tun da ya fara tafiya da ƙafarsa, ka taɓa riƙe shi?"

Ya gama goge kan ya shige ɗaki. Amma a ƙarshen makon ya rufe shago da wuri, ya yi wanka har sau biyu, ya bi su.

Ƙa'idar zauren ita ce a farkon darasi da ƙarshensa a yi sahu a rusuna, kuma ana jerawa ne bisa wanda ya riga shiga, ba bisa shekaru ba. Saboda haka Auta ce a kan sahun gidansu, mahaifinta kuwa a can ƙarshe, bayan Gwaggo.

"Matsa, ɗan'uwa, kada ka take mini riga," in ji Gwaggo. "Ko a nan ma na riga ka."

Ranar farko Koci ya sa shi ya kama wuyan rigar Dogo da hannun dama, hannun rigar da hagu. Ya kama da kan yatsu, a hankali, yana ɗan ja da jikinsa.

"Baba, riƙe da kyau mana," in ji Dogo. "Ba zan fashe ba."

Zauren ya yi dariya, shi ma ya murmusa, ya damƙe. Ya shaida mini daga baya cewa a ranar ya san kaurin damtsen ɗansa, kuma a ranar ya gane yaron ya fi shi tsawo da gaske, ba gashi ba ne.

Watannin farko faɗuwa kawai aka koya masa: baya, gefe, gaba, a sunkuyar da haɓa, a bugi katifa da tafi. Bai sha wuya ba, domin mutum ne mai bin umarni daki-daki. Dogo yana kayar da shi yana tashi, yana kayar da shi yana tashi. A hanyar komawa gida matan sukan yi gaba, su biyun su biyo baya, yaron yana nuna masa da hannu inda ya ajiye ƙafa ba daidai ba. Mai walda ya ce a wannan lokacin ne ya fara jin muryar Dogo, da can ya ɗauka kurma ne. A cikin watannin ne kuma Koci ya sa sunan yaron cikin waɗanda za su wakilci zauren a gasar matasa ta birnin.

Sannan aka zo kan kaye. Wanda aka fara koya wa Mai Gilashi shi ne na ƙugu: ka juya wa abokin kamawa baya, ka ɗora shi a ƙugunka, ka juyo da shi ƙasa. Koci ya nanata abu guda. Hannun hagu, wanda ke riƙe da hannun riga, ba ya saki. Shi ne yake ɗaga kafaɗar wanda aka kayar, ya sa ya sauka a gefen jikinsa, kansa da wuyansa ba su taɓa ƙasa ba. Mai kaye shi ke da alhakin wanda ya kayar har sai ya sauka lafiya. Muddin ana yi a tsaye, a hankali, ana ƙirga ɗaya biyu uku, Mai Gilashi bai taɓa kuskure ba, domin ya san lokacin da nauyin zai zo.

Wata Asabar da yamma Koci ya ce a yi ana tafiya, da sauri. Dogo ya turo, mahaifinsa ya juya ya shige ƙarƙashinsa, kuma shigar ta yi kyau fiye da yadda shi kansa ya zata. Nauyin yaron ya tashi gaba ɗaya, ya karkata kafin lokacin da aka saba. Yatsun Mai Gilashi suka buɗe, duka hannu biyu, ƙafafunsa suka ja da baya.

Dogo ya sauka a kan tsinin kafaɗarsa. Waɗanda ke zauren sun ce sun ji ƙarar. Ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa ne ya karye. Koci da Malama suka durƙusa a kansa, Auta ta fashe da kuka, Gwaggo tana salati. Yaron bai yi ihu ba. Ya ɗago ido ya ga mahaifinsa tsaye can gefe, hannuwa a buɗe, a ware daga jiki.

"Baba, ka sake ni," in ji shi.

Karayar ba mai tsanani ba ce a wurin likita. An rataya masa hannun a wuya, an ce zai warke. Amma gasar ta wuce shi, kuma wannan ce shekararsa ta ƙarshe a rukunin matasa. A gida ya koma yadda yake da can, har ya fi. Yana gaisuwa, yana amsa tambaya, yana shigewa ɗaki da littattafansa. Malama ta same shi ta yi masa bayanin tsohon da rularsa da falan katako, abin da dama kowa a gidan ya sani, domin ko kofi ne ya faɗo daga kanta mahaifinsu ba ya yarda a tare.

"Na sani, Mama," in ji Dogo. "Ba da gangan ya yi ba. Ni da gilashi duk ɗaya ne a hannunsa, shi ke nan."

Mai Gilashi ya daina zuwa zauren. Ya ninke farar rigar ya sa a saman kwaba. Gwaggo ta yi masa magana a gaban kowa, ta ce wanda ya karye yana kwance, wanda bai karye ba shi ma ya kwanta, to wa ke tsaye a gidan? 

Koci ne ya je har shago. Ya tsaya daga bakin ƙofa, inda ake tsayar da baƙi, ya jira ya gama yanka.

"Maigida, na ga mutane suna saki don tsoro, na ga suna saki don gajiya. Naka ban gane shi ba. Me ya sa ka buɗe hannu?"

"Ban buɗe ba, Koci. Shi ya buɗe."

Ya ba shi labarin yadda aka koya masa. Koci ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To ai da sauƙi. Abin da aka koya wa hannu da katako, sai a koya masa kishiyarsa da buhu."

"Hannun nan ɗaya ne, Koci. Da shi nake zuwa wurinka, da shi nake zuwa nan."

"Hannu ya san yadi, ya san gilashi. Ba zai haɗa su ba."

Koci ya gaya mini da bakinsa cewa a wannan magana ya yi gaggawa, kuma Mai Gilashi bai gamsu da ita ba ko a ranar. Ya daɗe yana juya tafinsa yana kallo. Sannan ya tambaya ko yaron zai yarda ya sake kama shi.

"Wannan ban sani ba," in ji Koci. "Amma a yadda kake yanzu, ni ma ba zan yarda ba."

Aka cika dogon buhu da yashi da dusar katako, aka sa masa tsohuwar rigar judo, aka cusa tsumma a hannun rigar. Gwaggo ta raɗa masa suna Mai Haƙuri. Mai Gilashi yakan zo kafin sauran mutane, ya ɗora buhun a ƙugu, ya kayar, ya riƙe hannun rigar. Koci yakan lallaɓo ta baya ya tura buhun ba zato, don nauyin ya karkata kafin lokaci. Da farko yana turawa hannun yake buɗewa. Koci ba ya dukan kowa da rula, iyaka ya ce, "Ka karya shi. Ɗauko." Haka suka yi ta yi har damina ta shiga ta fita. Malama ta ce ya gwada a kanta, ya ƙi. Daga baya Koci ya ba da kansa, aka kayar da shi da sauri, ta hagu ta dama, hannun bai buɗe ba.

Auta ce ke kai wa yayanta rahoto, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

"Yaya, Baba ya yi sabon ɗa fa. Kullum yana rungume da shi."

"Madalla. Shi ai ba ya da ƙashi."

Kafaɗarsa ta warke, ya gama jarrabawa, amma bai koma ajin iyali ba. Yakan je zauren a wata rana dabam, tare da sa'o'insa.

Abin da Mai Gilashi ya ji tsoro ya faru ne da hantsi, a bakin wani sabon kanti da ake sa wa gilashin gaba. Shi da wani lebura suna ɗauke da babban falle, leburan ya taka gefen dakali ƙafarsa ta goce, gilashin ya karkata. Hannun dama ya buɗe kamar yadda ya saba. Na hagu ya damƙe. Kaifin ya ratsa safar hannu, ya yanke jijiyoyin ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Mai walda ya aika gida, aka tarar Dogo kaɗai ne yake nan. Shi ya naɗe hannun da rigarsa, ya riƙe shi sama a cikin mota har asibiti.

Bayan an yi ɗinki, suna zaune a baranda suna jiran magani, yaron ya kasa haƙuri.

"Baba, kai ne ka tare gilashi? Kai?"

"Ban tare ba. Hannun ne."

"Wanne?"

Ya ɗaga na hagu da bandejinsa.

Dogo ya kalle shi, ya kawar da kai. Can ya ce, "Wancan buhun ya cuce ka."

"Bai cuce ni ba. Aikin da aka sa shi ya yi."

"Da ka bari kawai. Ai na ce na sani ba da gangan ka yi ba."

"Ka ce."

Ma'aikaciyar jinya ta kira su, maganar ta tsaya a nan. Dogo ne ya sa masa takalmi, ya ɗaura masa maɓallin riga.

A watannin da suka rage kafin tafiyarsa, yaron ya riƙa zuwa shago, abin da bai taɓa yi ba. Ya koyi awo, ya koyi jan layi da karya gilashi a bakin tebur. Amma mahaifinsa bai bar shi ya ɗauki babban falle ba ko sau ɗaya, sai dai ya kira leburori.

"Hannunka na riƙo ne," in ji shi. "Tsaya a kan rula."

"Ai naka ma yanzu haka ne."

"Shi ya sa ka gan ni a zaune."

Mai fenti ya ce daga nan ne aka fara jin gardama a shagon, uba da ɗa suna musu a kan rabin inci, wani lokaci har da dariya.

Asabar ta ƙarshe kafin ya tafi, Dogo ya zo ajin iyali. Aka yi sahu, aka rusuna. Da Koci ya ce kowa ya kama nasa, Dogo ya taka ya tsaya a gaban mahaifinsa, ya miƙa masa hannun riga.

"Bismillah, Baba."

Mai Gilashi ya kama wuyan rigar da dama, ya kama hannun rigar da hagu. Raunin ya rufe, amma yatsun nan biyu ba sa lanƙwasawa har ƙarshe, kuma a judo su ne suke ɗaure riƙo. Ya ce wa yaron ya ɗan fizga. Dogo ya fizga a hankali, yadin ya zare daga hannun kamar an jiƙa shi da sabulu. Suka sake gwadawa, ya sake zarewa.

"Ba yau ba," in ji Mai Gilashi.

"Baba, na iya faɗuwa ko ba a riƙe ni ba. Wancan karon ban shirya ba ne."

"Na sani. Ba yau ba."

"To ni fa ban hau benen nan don kallon tsayuwa ba," in ji Gwaggo daga inda take zaune. "Wani ya kayar da wani."

Dogo ya kayar da mahaifinsa, sau da yawa, har aka tashi. Washegari ya kama hanya.

Koci ya ba da shawarar Mai Gilashi ya sauya ɓangare, ya riƙa kama hannun riga da dama, wuyan riga da hagu, kamar bahago. Wannan yana nufin koyon kayen daga farko, da sauya ƙafar da ke shiga, kuma yana nufin hannun dama, wanda shi kaɗai ne ya rage da tsohuwar doka, shi ma a koya masa riƙo. Mai Gilashi ya ɗauki lokaci kafin ya amsa. Da ya amsa, sai ya daina ɗaukar gilashi gaba ɗaya. Yanzu yana awo, yana yanka a kan tebur, ɗauka da kafawa kuwa ya bar wa wasu mutum biyu da ya ɗauka aiki, waɗanda shi da kansa ya horar da falan katako. Manyan ayyukan benaye sun koma hannun wasu shaguna. Bai taɓa yi mini ƙorafin wannan ba.

Auta ta yi nisa, yanzu ita take taimaka wa Koci da ƙananan yara. Malama ta sauya ɗamara sau biyu, domin a judo duk matakin da aka hau da launin ɗamararsa. Gwaggo tana nan a kan gangarawarta. Dogo yana zuwa hutu, kuma duk zuwan da ya yi yakan tsaya a gaban mahaifinsa ya miƙa hannun riga.

Zuwa lokacin da aka kammala wannan rubutu, likita bai yanke hukunci a kan yatsun biyu ba, ya ce a ci gaba da motsa su. Kayen ɓangaren hagu bai zauna ba tukuna. A kan buhu yana fita, a kan Koci wata rana ya fita wata rana ya ƙi. Mai Gilashi yana nan da farar ɗamara ta masu fara koyo, a ƙarshen sahun gidansu, kuma bai sake kayar da ɗansa ba.